Sababbin Kunnuwan Gitar Tela

Gitar Tela tsirkiya shida gare ta, amma da guda ɗaya yake hulɗa. Sauran biyar ɗin 'yan rakiya ne, sai dai ya share musu ƙura. Waƙa ma ɗaya tak ya iya, wadda ya tsara wa matarsa tun yana nemanta, lokacin ita tana koyon aikin jinya, shi kuma yana da gashi a ka. Yanzu kowa Sista yake ce mata, har shi.

Inda matsalar take shi ne kunne. Kunnuwa su ne 'yan ƙarafan nan da ke kan gita, uku a dama uku a hagu, waɗanda ake murɗawa tsirkiya ta ɗaure. Na Tela sun ga duniya. Ɗaya kansa ya fille, sai da filaya ake juya shi. Ɗaya an liƙa masa kan famfo. Na tsirkiyar da yake kaɗawa kuwa haƙoransa sun cinye, ba ya riƙo. Baitin farko lafiya lau ake gama shi. Da an shiga na biyu sai tsirkiya ta fara saki, sauti ya dinga gangarawa a hankali kamar rediyon da batirinsa ya kusa mutuwa. A nan duk mai sauraro yake neman inda zai ɓoye fuska, Tela kuma ya harari kunnen ya ce, "Kun ga irin abin da yake min ko?"

Shekara talatin da ɗoriya ana haka. Sai ga shi Sista za ta ajiye aiki, abokan aikinta sun shirya mata liyafa a ɗakin taron asibiti. Tela ya ƙudura a ransa cewa ko sau ɗaya a rayuwarsa sai ya rera mata waƙar nan a gaban jama'a, daga farko har ƙarshe, ba tare da kowa ya yi dariya ba. Abin yana ci masa rai da gaske, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Auta, 'yarsu, ita aka ɗora wa tsara taron. Ta same shi a shago yana datse wando.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Likitoci za su zo fa."

"Likitoci ba su da kunne ne?"

"Suna da shi, shi ya sa nake tsoro."

"Ke, laifin gitar ne, ba nawa ba. Bari in canza mata kunnuwa ki sha mamaki."

Auta ta ce to, in an canza ya kaɗa mata ta ji, sannan ta sa shi a cikin shirin.

Washegari Tela ya naɗe gitar a yadin labule, ya goya ta a baya, ya nufi shagon mai gyaran kayan kiɗa. Shago ne ɗan ƙuƙut, tsakanin mai faci da mai sayar da fitilu, ganguna a rataye har sai mutum ya sunkuya. Mai gyara ya warware labulen, ya ga kan famfo, ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, wannan in an murɗa ruwa yake kawowa?"

"Kunnuwa na zo saye, ba surutu ba."

Mai gyara ya jawo akwati ya juye a kan tebur. Tela ya zaci kunne kunne ne, ashe dangi ne guda. Ga masu haƙora a waje, ga waɗanda aka rufe da maiƙo a ciki, ga masu kulle tsirkiya gam. Wani kuma sai ka yi ta murɗawa kafin tsirkiya ta ɗan motsa, wai don a samu sauti daidai wa daida. Tela dai ya tunkari abin yadda ya saba tunkarar maɓallan riga. Ya ɗaga wannan ya kara a jikin gitar, ya ja baya ya kanne ido ɗaya. Ya ɗauki wancan ya fita da shi rana. Baƙaƙen ya ce sun yi kama da na zaman makoki. Masu ruwan azurfa ya ce ba za su shiga da rigar da zai sa ba. Ya ware guda shida masu ruwan zinariya ya tura gaban mai gyara.

"Baba, duk na dama ka kwaso."

"To su ne suka fi sheƙi."

"Ai kamar ka ɗinka riga ne da hannun dama biyu."

Wannan ta shige shi. Ya mayar da uku, ya karɓi na hagu yana ƙunƙuni. Sannan ya zaro maɓalli daga aljihu, wai da shi ya auno faɗin ramin da kunne ke shiga tun a gida. Mai gyara ya ce ramin ai ga shi nan a gabansu, kuma ya yi wa sababbin kaɗan, sai an ƙara buɗa shi. Da injin huji ya fara kuka a kan gitar, Tela ya juya baya ya dafe bango, yana tambayar ko ba za a yi mata a hankali ba.

"Wanne ne ba ya saki ko kaɗan?" ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Waɗannan da ka zaɓa. Ko mota ka ɗaura musu sai dai igiyar ta tsinke."

Da yamma ya kira Auta bayan shago, don kada Sista ta ji. Ya kaɗa baitin farko, ya rera, tsaf. Auta ta ga zinariya tana walƙiya, ta ji sauti garau, ga kuma waya tana ta kiranta a kan maganar kujeru. Ta ce ya isa haka, ta yarda. Shi ma bai ci gaba ba, wai kada ya gajiyar da sababbin kunnuwa kafin ranar.

Ranar taro ɗaki ya cika da fararen riguna. Aka yi jawabai, aka ba Sista agogon bango, sannan Auta ta kira mahaifinta da muryar wadda ta riga ta sallama. Tela ya zauna, ya gyara hula, ya kalli matarsa a layin gaba. Baitin farko ya fita kamar ba shi ba, har wani likita yana kaɗa kai.

Sai aka shiga na biyu. Tsirkiya ta tsaya cak inda aka ɗaure ta, kamar yadda mai gyara ya yi alkawari. Muryar Tela kuwa ta kama hanyar da ta saba bi shekara talatin, ta fara gangarawa ita kaɗai. Ya ji da kunnensa. Ya yi ƙoƙarin jawo ta sama, ta ƙi. Ya harari kan gitar don ya ce kun gani ko, sai ya ga fuskarsa a jikin zinariya. Babu wanda zai ɗora wa laifi. A baya wata ma'aikaciya ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa, Auta kuma ta duƙufa karanta bayan kwalin agogo.

Sista ta miƙe. Tela ya ɗauka fita za ta yi. Sai ta tako a nitse, irin takun da take zagaya marasa lafiya da shi, ta tsaya a gefensa, ta kama kunnen tsirkiyar nan da yatsu biyu ta fara sassautawa. Murya na sauka, tana bin ta da tsirkiya. Inda ya saba ɗan tsayawa ta tsaya, inda ya saba zubewa gaba ɗaya ta yi murɗa biyu da sauri, don sabon kunnen ba ya saurin motsi. Haka su uku suka gangara tare har ƙasan baitin ƙarshe, suka sauka wuri guda.

Ɗakin ya ɗauki tafi. An yi dariya kam, ba za a ce ba a yi ba, amma masu dariyar har da share ido, kuma Tela ya lura Auta ta fi kowa jan hanci.

Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Sista, ashe ba kunnen ba ne."

"Da can shi ne," in ji ta. "Kai kuma ka bi shi don kada ya ji kunya."

"To yanzu in mayar da tsohon?"

"Ka bar waɗannan, sun yi kyau da rigar." Ta kakkaɓe masa zare daga kafaɗa. "Ai na ajiye aiki, Baban Auta. Duk sanda za ka rera, ka kira ni."