Sunan da Gidaɗo Ba Ya Kira

Kusan shekara goma da yanke Kebbi daga Sakkwato aka kawo kwamfuta ofishin rigakafin dabbobi na Jega. A cikinta aka zuba sunan kowane garke da allurar da aka yi masa, tun daga Fagada har rugagen Maiyama. Ma'aikata suka raɗa mata suna rumbu. Kowa da kalmar sirrinsa ta shiga, amma sirrin a baki kawai yake, don Ɗanlami magatakarda ya rubuta su duka a littafi ya ajiye a aljihun tebur. Ranar da wani ya shiga da sunan wani ya rubuta an yi wa shanu ɗari biyu allurar da ba a yi ba, aka rasa wanda za a kama.

Sai aka turo Iklima, wadda ta karanci aikin na'ura. Ta sa wa littafin ashana, ta ce kowa ya zaɓi kalmarsa da hannunsa, ita kanta ba za ta iya gani ba. Duk bayan wata uku kuma kalmar za ta mutu, mai ita ya sake wata.

Malam Gidaɗo, dattijon mai allura, Bafulatanin Maiyama ne, kuma Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Shekara ashirin da shida yaron ya yi a duniya, uban bai taɓa cewa Muntari ba, sai dai "wancan". Bara motar albasa ta kife da yaron a hanyar Aliero, ya rasu. Da aka ce wa Gidaɗo ya zaɓi kalmar da ba wanda ya taɓa ji a bakinsa, bai yi dogon tunani ba.

Tun daga ranar, kullum da safe sai ya zauna, ya danna haruffa bakwai da yatsa ɗaya, a hankali, rumbu ya buɗe. Allah Ya sani, wannan buɗewar ji yake kamar an amsa masa. Shi ya sa da na'ura ta fara cewa saura kwana bakwai, saura uku, sai abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar ƙarshe ta faɗo ranar kasuwa, ofis ba kowa sai shi da Iklima.

"Ɗiyata," in ji shi, "ki bar mini tawa yadda take. Ni tsoho na, kaina ba ya riƙon sabon abu."

Wai kansa ba ya riƙo! Mutumin da ya san shanun Birnin Malam ɗaya bayan ɗaya da launinsu.

Iklima ta sunkuyar da kai. "Baffa, ina iyawa, amma ba ni yi. Ka gahwarce ni. Ban ga kalmarka ba, amma na san ta. Ɗanlami ma ya sani."

"Wa yah hwaɗa muku?"

"Babu. Duk garin ga an san sunan da ba ka kira. Wanda duk yan nemi shiga da sunanka, shi za ya hwara gwadawa."

Ashe abin da Gidaɗo ya rufe shekara da shekaru, rufewar ce ta tona shi. Kunya ta kama shi, bayanta baƙin ciki, don ya gane yarinyar ta fi shi gaskiya. In aka yi ƙarya da sunansa, shanun mutane ne za su mutu.

Ya ja kujera. Iklima ta juya masa baya, ta fuskanci taga. Na'ura ta nemi tsohuwar kalma, ya danna ta, ya daɗe kafin ya ɗaga yatsa daga harafin ƙarshe. Ta nemi sabuwa sau biyu, ya ba ta. Kalmar da ya sa kuwa, ni ma ban san ta ba, kuma haka ya kamata.

Rumbu ya buɗe. Amma wannan karon ba wanda ya amsa masa.

Ya daɗe yana kallon jerin garkunan, hannuwansa a kan gwiwa. Can Iklima ta ji muryarsa a bayanta, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai koyon magana.

"Muntari," in ji shi.

Ba ta waiwayo ba.