Lambar Iƙamar Sabo

Wata bakwai ke nan Sabo bai leƙa bayan katangar gonar dabinon nan ta unguwar Awali a Madina ba. Da can direba ne a gidan Alhaji Muhyiddeen a unguwar Harra ta Yamma. Alhajin ɗan ƙasa ne da kakanninsa suka zo daga Katsina a ƙafa. Ranar da Sabo ya goga motar gidan a bango, tsohon ya fusata ya ce sai ya kai sunansa an rubuta masa hurub, wato ma'aikacin da ya tsere wa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa. Sabo bai tsaya jin ƙarshen magana ba. Ya cire layin wayarsa ya karya, ya gudu zuwa gonar da wani ɗan garinsu ke gadi.

Tun daga nan tsoro ya zame masa abokin zama. Mota ta yi birki a waje, gabansa ya faɗi. A buga ƙofa, kafin a buɗe ya haye dabino. Har rami ya haƙa a bayan rumfar famfo ya rufe da busassun rassa, kuma sau uku yana faɗawa ciki saboda mai kawo gas. Aiki kuwa ba a magana, na mutum biyu yake yi. Ga azumin Litinin da Alhamis, ga sadakar dabino da yake bai wa mai gadi ya miƙa wa masu wucewa. A lissafinsa, in ya tara irin waɗannan da yawa, wata rana za a share sunansa.

To sai ga mahaifiyarsa, Iyatu, ta zo Umara daga Tasawa. Kwana takwas tana Madina, kwana takwas yana aron wayar abokin aikinsa Abdulfattah yana ce mata aiki ne ya riƙe shi. Yau bayan Azahar motarsu za ta tsaya a Bi'ir Ali su ɗaura harama su wuce Makka, daga can sai gida. Shekara huɗu bai gan ta ba, kuma ta tsufa ƙwarai.

Abdulfattah tsohon Ba'indiye ne mai gyaran famfunan gonar. Ya musulunta tun yana saurayi, mahaifinsa kuwa malamin Hindu ne. Shi ya tarar da Sabo tsugune a bakin ramin, ya sa rigarsa mai kyau, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Da guntun Larabcin da suka saba suka yi magana.

"Ka yi ado ka zauna. Rami za ka kai wa ziyara?"

"Ammu, akwai shurɗa, 'yan sanda, a hanya. In suka duba iƙamata, katin zamana a ƙasar nan, halas, sai gidan tarhil na masu jiran kora, a tasa ƙeyata gida da ankwa. Gara kada ta gan ni da ta gan ni a haka."

Tsohon ya ajiye sifanarsa ya zauna. Ya ce lokacin da yake ƙarami, malamai kan taru a gidansu suna musu a kan abin da ke 'yantar da mutum. Wasu su ce aiki ne, a yi ta hadaya da ibada. Mahaifinsa ya ce a'a, sani ne. A wurinsa ran mutum bai taɓa rabuwa da asalinsa guda ɗaya ba, balle a ɗaure shi. Rashin sani ne ya sa yake jin a ɗaure yake, kuma aiki ba ya kore rashin sani. Iyakarsa ya wanke zuciya har ta iya dubawa.

"Na bar addininsa, Allah ne shaida," in ji Abdulfattah, "kuma ba aƙida nake koya maka ba. Amma duk sanda na ga ramin nan sai na tuna shi. Azuminka Allah ya karɓa. Wata bakwai kana aiki a kan abin da ba ka taɓa dubawa ba. Ba ni lambar iƙamarka."

Sabo ya dafe aljihu. Shi ya yi imani duk wanda ya buga lambarsa a waya, nan take za a ga inda yake. Ba wanda ya gaya masa haka, shi ya ƙirƙiro wa kansa, kuma ya riƙe shi gam. Gaskiyar magana, ba kamun ne ya fi ba shi tsoro ba. Muddin bai duba ba, yana da sauran fata.

Aka kira sallar Azahar. Ya zaro katin ya miƙa, ya juya baya yana sauraren ƙofa. Yana jin yatsan tsohon na danna lamba ɗaya bayan ɗaya. Wata mota ta rage gudu a waje, Sabo ya sa ƙafa ɗaya a rami. Motar ta wuce.

"Juyo ka gani."

Ba hurub. Ba a taɓa kai sunansa ba. Ƙari ma, wata biyu da suka wuce an sabunta iƙamar, kuma ba mai iya yin haka sai Alhaji Muhyiddeen. Sabo ya ce a sake bugawa, aka sake. Ya dubi katangar, ya dubi ƙofar da ko kwaɗo babu a jikinta da rana. Kunya ce ta fara kama shi kafin murna.

Abdulfattah ya tuƙa shi a tsohuwar motar gonar. A kusa da Bi'ir Ali wani ɗan sanda ya ɗaga musu hannu. Numfashin Sabo ya tsaya cak, domin jiki bai riga ya ji labarin ba. Ɗan sandan ya karɓi katin, ya duba a na'urarsa, ya mayar masa yana hamma, ya ce su wuce.

Manyan motoci sun fi hamsin a filin, ko'ina fararen kaya da talbiyya. Sabo ya bi su da gudu yana kiran "Mutanen Tasawa!" har muryarsa ta dushe. A mota ta kusan ƙarshe ya same ta, an riga an tayar da inji. Tana zaune a bakin taga, ta rame, tana ta duban fuskokin mutane. Ya ɗaga hannu, ta miƙo nata ta kama yatsunsa.

"Sabo? Kai ne? Kwana takwas ina zaune a ƙofar masallaci ina duba hanya. Wa ya tsare ka?"

Ya buɗe baki zai ce aiki, ya kasa. Direba ya danna oda, motar ta fara motsi, yana bin ta a gefe, yatsunta na zamewa daga nasa.

"Ba kowa, Iya," ya ce. "Wallahi ba wanda ya tsare ni."