Albashin Sama da na Ƙasa

Direba ya sake goge tafin hannunsa a wando, daidai lokacin da lauyan gidan burodi ya miƙe. Wata bakwai direban ya yi yana rarraba musu burodi ba albashi, shi ya sa ya kawo ƙara nan kotun da ke saman bene. Fanka tana juyawa a kasale, kamar ita ma ba a biya ta ba.

"Nawa ka ce albashinka?" in ji lauyan.

"Dubu sittin, ranka ya daɗe."

Lauyan ya zaro wata takarda, ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Watan jiya, a ɗakin shari'ar da ke ƙarƙashin ƙafarka, tsohuwar matarka ta nemi kuɗin ciyar da 'yarku. Ka rantse dubu talatin kake ɗauka. To da wane direban nake magana, na sama ko na ƙasa?"

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya ba da hutun minti goma, ya ce ya je ya tuno.

A baranda ya tarar da tsohuwar matar tasa zaune a benci, 'yar tasu a gefenta.

"Ke kika ba su takardar?"

"Ni? Magatakarda ne ya ce in zo, wai duk abin da aka ba ka, sai an cire na 'yarka tukuna." Ta gyara mayafi, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ashe sittin ne. Shekara takwas ina yi maka girkin talatin, har ina tausaya maka."

Ya jingina da bango. In ya ce talatin, rabin guminsa ya zama na mai gidan burodi, kuma da bakinsa ya bayar. In ya ce sittin, ya yi rantsuwar ƙarya ke nan. Ko tara ko ɗauri, sannan kuɗin wata-wata ya ninka. Matakala ɗaya ce a ginin, kuma ta ƙofar ɗakin ƙasa take bi.

"Baba, ina motarka?" in ji yarinyar.

"Tana gyara, uwata."

Ta sauko daga bencin ta riƙe masa yatsa. Nan ya ga takalmanta na makaranta. Ta take bayansu ta mayar da su silifa, dugaduganta a waje, sun yi furu-furu. Shi ya saya mata su, tun kafin a rabu.

Masinja ya leƙo. "Direba! Ana jiranka."

Alƙali ya ɗago ta saman tabarau. "To, ka tuno?"

Direba ya dubi simintin da yake tsaye a kai.

"Sittin ne, ranka ya daɗe." Ya juya wajen magatakarda. "A rubuta kwafi biyu. A sauka da ɗaya ƙasa."