Rariyar Inna Zulai

Inna Zulai ta sake cika kwano ta watsa ruwan ƙofar gida, ruwan ya zaga ta zaure ya dawo mata kamar kazar da ta saba da tsaba. Tun bayan sallar asuba take wannan aikin, ga shi rana ta ɗaga, ruwan bai sauka daga idon sawunta ba. Buhun gyaɗar da za ta soya domin ƙuli-ƙulin kasuwar Makarfi yana bisa turmi. Ta dafa bangon ɗakinta, yatsanta ya shige cikin ƙasar kamar tuwo.

Wannan ne ya tsorata ta. Marigayi mijinta ne ya gina ɗakin da tubali, a ciki ta haifi 'ya'yanta biyar, kuma ba ta da wani. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya rage masa.

A unguwarsu ruwan sama ba ya bin titi, ta cikin gidaje yake bi. Kowane gida yana da rariya biyu a gindin katanga: ɗaya ta karɓo ruwan maƙwabcin sama, ɗaya ta miƙa wa na ƙasa. Gida bakwai ne a jere, nata ne na ƙarshe, daga nata sai kududdufi. Ko mutum ba ya magana da maƙwabcinsa, ba ya toshe masa rariya. Da rani sai ga motocin tifa sun cike kududdufin, Alhaji Ukasha mai sayen masara ya gina katafaren sito a kai, ya zagaye da katangar bulo. Katangar ta zo ta manne wa rariyarta ta ƙasa ɗam. Ruwan gida bakwai yanzu a tsakar gidanta yake kwana.

Rahmatu, maƙwabciyarta ta sama, ta leƙo ta kan katanga. "Inna, wallahi kunya nake ji. Ruwanmu ne ke cin ɗakinki."

"Ruwan Allah ne, ba naku ba."

"Ko za ki koma wajen 'yarki a Dandamisa har damina ta wuce?"

"In koma gidan suruki da ƙullin kaya? Ni na cike kududdufi?" Ta jefar da kwanon, ta ja mayafi. "Ki ɗan duba min gyaɗata."

Ɗan acaɓa ya sauke ta a sakatariya, aka yi ta nuna mata ƙofa bayan ƙofa har ta samu ofishin masu ba da izinin gini. Malam Saminu ne a ciki, siririn mutum mai biro uku a aljihu, wanda bai kai babban ɗanta shekaru ba. Ya tashi ya ba ta kujera, ya tambayi gida da iyali da damina.

"Damina ce ta kawo ni, ɗan nan," in ji ta, ta faɗa masa komai.

"Inna, ai dokarmu a fili take. Duk mai gini sai ya nuna inda ruwan da ya tarar zai bi, in ba haka ba ba ma sa hannu." Ya jawo wata doguwar takarda ya shimfiɗa. "Ga taswirar Alhaji. Kin ga nan? Hanyar ruwa ce a gindin katanga, faɗin ƙafa biyu, daidai bayan gidanki. Daga nan lambatu zai kai ruwan kwalbatin bakin titi."

"To ina take?"

"Ga ta nan, Inna."

"A takarda na gan ta. Ina take a katanga?"

Malam Saminu ya sosa ƙeya. An je an duba ginin, in ji shi, amma a watan Maris aka je, ƙasa a bushe, ba wanda ya tuna da ruwa. Yanzu sai ta rubuto koke, kwamiti zai zauna nan da mako biyu. Ta dubi taga. Gabas ta riga ta fara baƙi.

Ya rage murya, don shi a ganinsa taimako zai yi. "Kafin nan, ki sa buhun yashi ki toshe rariyarki ta sama. Kowa ya ji da ruwansa."

Ran Inna Zulai ya ɓaci. "In mayar wa Rahmatu ruwa, da jinjiri a ɗaki? Ita kuma ta mayar wa na samanta? Shekara talatin da biyar ina karɓar ruwan mutane, ban taɓa cewa na gaji ba. Ba karɓa ce ta dame ni ba, bayarwa aka hana ni." Ta ɗora yatsa a kan taswirar. "Ƙafa biyu ka ce?"

"Ƙafa biyu."

"Hukuma ta sa hannu?"

"Ga hatimi ma."

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta, ta miƙe. Ya bi ta da farar takardar koke, ba ta waiwayo ba.

Da ta isa gida an yi la'asar, iska ta fara kaɗa rufin kwano. Ta ɗaura ɗamara da mayafin, ta ɗauko taɓaryarta ta itacen ƙirya, wadda ta yi shekara da shekaru tana fitar da mai daga gyaɗa. Ta zaga bayan gida ta ɗan lungun da ya rage, ta share laka daga bakin rariyarta, ta yi bisimilla, ta kai wa bulon Alhaji duka.

A bugu na huɗu ya fashe. Ashe bulon yashi ne zalla, siminti gaisuwa kawai ya yi masa ya wuce. Ruwan da ya kwana a gidanta ya yi ƙugi ya bi ramin, ya bazu a farfajiyar siton inda ake loda wa wata babbar mota masara. 'Yan dako suka yi ta tsalle suna ihu. Mata suka fito bakin ƙofofi, babu wadda ta ce mata ta bari.

Ba a daɗe ba mota ta tsaya a bakin lungu. Alhaji Ukasha ya fito yana tattare babbar riga, Malam Saminu na biye da shi da taswira a hammata. Kwamitin da zai yi mako biyu bai zauna wa Inna ba, wayar Alhaji ɗaya ta taso shi.

"Inna Zulai! Me na yi miki? Katangata za ki rushe?"

"Ukasha," in ji ta, ba ta sa masa Alhaji ba, "a kududdufin nan ka koyi iyo. Ni na tsamo ka ranar da ka sha ruwa, uwarka na kasuwa. Ka manta ta inda ruwan yake shigowa?"

"Wannan tsohon zance ne. Fili na saya, da takarduna. Malam Saminu, ka rubuta abin da ka gani. Ɓarna ce, kuma sai an toshe yau ɗin nan."

Yayyafi ya fara sauka. Malam Saminu ya dubi Alhaji, ya dubi matan da suka cika lungun, ya dubi bangon ɗakin da ya jiƙe har gwiwa. Ya cire takalmansa, ya durƙusa a laka, ya fiddo tef ɗin awo ya gwada ramin. Ya buɗe taswirar yana kare ta da jikinsa, ya daɗe yana dubawa kamar yau ya fara ganinta.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "wurin dai nan ne. Nan ka sa hannu za ka bari."

"To, shi ke nan abin da za ka ce?"

"Akwai gyara ɗaya." Ya juyo wajen Inna Zulai, kansa a ƙasa. "Inna, naki ƙafa ɗaya da rabi ne. Takarda biyu ta ce."

Aka ji wata ta tuntsire da dariya a bayan katanga, muryar ta yi kama da ta Rahmatu. Inna Zulai kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta tofa yawu a tafin hannunta, ta gyara riƙon taɓarya.

"Ukasha, matsa baya," in ji ta. "Kada in ɓata maka riga."