Iskar da ta Hana Fara Kafa Tarihi

Tun kafin a fara tsallen Yaya Malama ta san kanta zai yi ciwo. Ita ce malamar motsa jiki, ita kaɗai a gidan ta san dokokin wasan, amma kowa a falon ya zama alƙali. Ƙaninta Auta, wanda ake kira Fara saboda ɗan banzan tsallensa tun yana yaro, ya kai zagayen ƙarshe na dogon tsalle a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya.

"Kawu, don Allah matsa daga gaban talabijin."

Kawu tela ya matsa kaɗan, ya bar mata rabin allo.

Fara ya taho a guje ya daka tsalle, ya faɗa cikin yashi. Sai alƙali ya ɗaga jar tuta.

"Me ya yi masa?" in ji Inna. "Tun ɗazu na ga mutumin nan yana hararar ɗana."

"Ya taka layi, Inna. Wannan tsallen ba a lissafa shi."

"Layin da bai kai faɗin tafin hannu ba? Su ƙara masa faɗi mana!"

Haka aka yi ta yi, Kawu na koya wa talabijin yadda ake ɗaga gwiwa, Inna na tofa addu'a a kan allon, har aka zo tsallen ƙarshe, Fara yana na biyar.

Wannan karon kamar ba zai sauko ba. Farar tuta ta tashi. Da aka nuna nisan, Yaya da kanta ta miƙe tana ihu: ya haye na biyu, kuma ya wuce duk abin da wani ɗan ƙasarsu ya taɓa tsallakewa. Inna ta rangaɗa guɗa. Kawu ya fice ba takalmi, waya a kunne.

A nan ne idon Yaya ya faɗa kan 'yar lambar da ke gefen allo, ma'aunin iska. Ta koma ta zauna.

"Inna, lambar azurfa tasa ce, babu mai taɓa ta. Amma ba za a rubuta cewa ya kafa tarihi ba. Iskar da ta turo shi ta baya ta wuce ƙa'ida."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Iska? Shi ya kunna ta?"

"A'a, amma doka..."

"Sauran ba ta busa su ba? Ko tasu daban aka saya musu?"

"Tana tashi tana kwanciya ne, Inna."

"To ke da kika yi karatun abin, kira su ki gaya musu."

"In kira wa, fisabilillahi?"

Ana cikin haka wayar Yaya ta yi ƙara. Fara ne, yana haki yana dariya. Kafin ta ce sannu Inna ta fizge wayar.

"Auta, wace irin gaggawa ce wannan? Ba sai ka tsaya iskar ta lafa ba? Kullum rawar kai!" Sai muryarta ta karye. "Gwiwar taka fa? Ka ci wani abu?"

Yaya ta fita tsakar gida ta sha iska, sai ta tarar da ƙofa cike da maƙwabta, Kawu a tsakiyarsu yana gwada tsalle da hannu.

"Malama, barka!" in ji mai kantin kusa da su. "An ce ya karya tarihin duniya, har alƙali ya suma."

Ta juya ta kalli Kawu. Kawu ya kalli sama.

Ta buɗe baki za ta fara bayanin ma'aunin iska, ta dubi yawansu, sai ta fasa.

"Azurfa ya samu," ta ce. "Ku shigo za a sake nunawa. Amma wallahi duk wanda ya tsaya gaban talabijin sai na fitar da shi."