Gorar Yaya

Dogo yana tsaye cikin ruwa har ƙugu, ya riƙe bakin gorar tuƙi, yayansa kuma yana cikin kwale-kwale riƙe da ɗaya bakin. Mata biyun da Yaya ya ɗauko fito sun rungume kwandunansu suna salati.

"Sakar min gora, Dogo."

"Yaya, ka tsallake igiya. Sau nawa zan roƙe ka?"

"Ni za ka busa wa usur? Ni da na koya maka iyo a nan?"

Igiyar da ake magana shuɗiya ce, an ɗaure mata jarkoki, ta kewaye wani lungu na kogin. A nan shuɗin bado yake, wanda masu bincike suka ce ya ƙare a duk tsawon kogin sai wannan lungu. Hukumar wurin shaƙatawa ta ɗauki Dogo gadi, ta ba shi kaki da usur, ta ce ba wanka, ba wanki, uwa-uba ba gora, domin ita ke caka laka ta tumɓuke saiwa. Sai dai nan ne kaɗai gora ke taɓa ƙasa. Sauran kogin zurfi ne da ƙarfin ruwa, kafaɗar Yaya kuwa ta tsufa.

Dogo ya fizge gorar. Ya ja kwale-kwalen da hannu zuwa gaɓa, ya kai gorar sito ya kulle. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Amma ba don kaki kaɗai ya yi ba: yana son badon nan, yana son yadda yake buɗe ido da hantsi.

Tun daga ranar matar Yaya ta daina amsa gaisuwarsa. Abin ya yi masa ciwo, amma ya san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

* * *

Bayan wasu watanni, wata safiya Manaja ya iso bakin ruwa yana ƙamshin turare.

"Dogo, kwance igiyar nan. Manyan baƙi za su shiga su ga abin da muke karewa."

Dogo ya dubi jirage uku masu inji da aka jera, cike da mutane da kyamarori.

"Ranka ya daɗe, farfela za ta yanke shi. Ko su tsaya a gaɓa su hanga?"

"Su hanga? Kai ne za ka ce wa irin waɗannan su hanga? Yi abin da na ce, malam."

Da hannunsa ya kwance. Jiragen suka kutsa suna ruri. 'Ya'yan baƙin suka ce tsere suke so, direbobi kuwa ba musu. Wata hajiya ta miƙa hannu ta tsinki fure, ta ɗauki hoto da shi, ta yar.

Da suka fito aka zauna ƙarƙashin rumfa, Manaja ya kama lasifika. Ya kira Dogo gaba, ya dafa shi.

"Ga irin ma'aikacin da muke alfahari da shi. Saboda wannan tsiro, ko ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya bai ɗaga wa ƙafa ba!"

Aka yi tafi raf-raf. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta bayan kawunansu yana hango lungun: ruwa ya koma kalar laka, man inji yana ƙyalli a kai, saiwoyi farare suna yawo ciki-sama.

Kafin Manaja ya shiga mota ya juyo. "Mayar da igiyar, kada mutanen garin nan su samu ƙofa."

Ya mayar.

* * *

Da la'asar ya buɗe sito, ya saɓa gorar, ya nufi gidan Yaya. A bayan katanga ya ga kwale-kwalen. Katakon da ya saba da ruwa ba ya jure rana; ya tsage daga baki har ciki, kaza ta yi kwanci a cikinsa.

Yaya yana zaune a tabarma, ya rame, yana murza kafaɗa.

"Yaya, ina wuni. Na kawo maka."

Yaya bai dubi gorar ba. "Na ji ƙarar inji tun safe. Ya badon naka?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To, Allah ya ba ka haƙuri," in ji Yaya, kuma ba gatse a muryarsa. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Matar Yaya ta fito da bokitin wanki. Ta karɓi gorar daga hannunsa, ta auna tsawonta da ido, ta tokare igiyar shanya da ita, ta ci gaba da shanya kayan yara.