Bedran a Gaban Sojoji

Bedran ne ya ƙwace ragamar alfadari daga hannun ɗana Rustem, ya shiga gaban sojoji.

'Yan tawayen da muke kira mutanen dutse sun faɗa wa barikin da ke saman ƙauyenmu, suka kashe na kashewa, suka koma inda suka fito. Tun daga ranar sojoji ba sa taka hanyar kwari sai sun sa ɗan ƙauye da dabbarsa a gaba, saboda nakiya. Gida-gida ake bi. Da safen nan abin ya zo kan gidana. Ni ƙafata ta daɗe da mutuwa. Rustem kuwa matarsa na da tsohon ciki.

Bedran maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Kuma kiriv ne a gare ni: a kan cinyarsa aka yi wa Rustem kaciya, jinin yaron ya zuba a rigarsa. A wurinmu wanda ya riƙe maka ɗa ya fi wanda kuka fito ciki ɗaya.

"Sakar mini, ragon banza," ya ce wa Rustem. "Ko ragama ba ka iya riƙewa ba."

"Baffa, yau gidanmu aka kira."

"Ni ba gidanku ba ne? Ni na danne ka kana ihu kamar ɗan akuya. Koma wurin matarka."

Na ce, "Kiriv, ban roƙe ka ba."

"Yaushe ka taɓa roƙon wani, kai da wannan girman kan naka? Ka duba mini amya. Kada ka sha zumar."

Kowa ya san ɗansa Serhad yana cikin mutanen dutse. Kowa ya san wa ke binne abin da ke kan hanyar.

Da hantsi muka ji ƙarar. Tagogi suka girgiza. Alfadarin bai ko shura ba. Bedran kuwa a kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi, an rufe ƙafafunsa da bargo. Na ɗaga bargon, na mayar.

Matarsa Hezal ta ɗaure abin da zai ɗauru da mayafinta. An rufe hanya. Babu mota a ƙauyen sai ta soja.

Bayan azahar kyaftin ɗin barikin ya shigo. Bai cire takalmi ba. Yaro ne, bai kai Rustem ba, idonsa ja. Shi ma gawarwaki ya tura gida a makon nan.

"Tsoho," ya ce, "mota na waje. Akwai likita a gari, akwai jini. Amma sai mun tsaya a masallaci. Zan sa maka lasifika a baki. Ka kira ɗanka da sunansa, ka ce kana mutuwa, ya sauko. Duwatsun nan suna jin lasifika."

Bedran ya nemi ruwa. Na ɗiga masa.

Hezal ta durƙusa a kansa. "Uban Serhad, ka kira mana. Don Allah. Baki ne kawai. Ai yana da wayo, ba zai zo ba."

"Ke kika haife shi, amma ba ki san shi ba," ya ce. "Zai zo."

Rustem ya tare gaban kyaftin. "Ranka ya daɗe, ku kai shi, ku tsare ni a madadinsa."

"Me zan yi da kai?"

Na ce wa Rustem ya zauna. Mu ba ma kuka a gaban baƙo.

Bedran bai kai magariba ba. A kan wannan ƙyauren ya cika, ni na rufe masa ido, ni na wanke abin da ya rage. Amma lokacin da kyaftin ke tsaye, hankalinsa garau yake. Ƙudan zuma ɗaya ya shigo ta taga, ya sauka a kan bargon. Ya bi shi da ido har ya tashi. A waje injin motar yana ta aiki.

"Tsoho, ba zan sake tambaya ba," in ji kyaftin.

Bedran ya juya fuskarsa wajen bango.

"Kashe motarka," ya ce. "Ba zan kira shi ba."